Ƙwayoyin da Dada Ta Niƙa

Wata Litinin ce a tsakiyar watan Fabrairu, shekarar da nake aji biyar a firamaren unguwarmu ta Gwallaga. Mun jeru a filin makaranta aji-aji, kowa ya miƙo hannuwa domin duban farce, ni kuwa ina gaban layin 'yan mata ina ji da kaina, domin sati biyu ke nan da Malam Bulus ya zaɓe ni in riƙe sandar maci. Malam Bulus shi ne malamin wasanni, tsohon soja ne, dogo, usur ba ya barin wuyansa ko da ranar da ba a wasa. Shi ke shirya mu faretin Ranar Yara da ake yi a ƙarshen watan Mayu a babban filin wasa na gari, inda kowace makaranta ke wucewa ta gaban manyan baƙi. Mai sanda shi ne a gaba, shi ke juya ta a sama, shi ke ba da murya sauran su bi. Tun ina aji biyu nake kwaɗayin sandar nan, har muciyar tuwo na sha dukan ɗauka ina gwadawa a bayan ɗaki. Da Malam ya iso kaina ya duba farcena, sai ya ce in zame kallabi. Na zame da rawar jiki, don na san abin da ke ƙarƙashi: kitson da kakata ta yi mini ranar Juma'a, jelarsa har gadon baya. Sai na ji yatsansa ya tsaya a bayan kunnena na dama ya ƙi gaba. Ya yafito malamar ajinmu, suka sunkuya su biyu a kaina. Wani wuri ne suka gani, fari, zagayayye kamar kwabo, gashin wurin duk ya kakkarye.

Malam Bulus mutumin kudancin jiharmu ne, kuma kamar mutanen can da yawa, bakinsa bai raba ka da ƙa. Saboda haka dokarsa ta duban kai kalma biyu ce masu kama ɗaya: "Mai kora, kora!" Ta farkon ƙora yake nufi, ciwon nan da ke cinye gashin yara, wanda wasu ke kira makero. Ta biyun kuwa kora ce ta gaske, ka tattara littattafanka ka tafi gida kada ka shafa wa sauran. Mun sha yi wa dokar nan dariya a ɓoye idan ta faɗa kan wani. Ran nan da ta faɗo kaina ban ji abin dariya a cikinta ba. Amma ni bai ɗaga murya ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Ki je a yi magani ma kai ɗin nan. Sanda zai jira ki har kwana goma kafin fareti. Ranar zan duba. In ba kora, in akwai gashi da zai riƙe ribon, naki ne. In babu, na ba wani." Ƙa'idar faretin ke nan, 'yan mata ba sa ɗaura kallabi, kowace da kitsonta da farin ribon a tsakiyar ka. Na ɗauki jakata na bi ta bayan azuzuwa, ban yi kuka ba sai da na wuce shagon mai faci.

Ba wai ciwon fata baƙo ba ne a wurinmu. Gidanmu gidan haya ne mai ɗaki takwas, rijiya a tsakiya, bishiyar dogon yaro a kusurwa, yara kuwa sun fi ashirin. Tare muke ɗiban ruwa, tare muke shara, tare muke 'yar gala-gala da carafke har a kira magariba, kuma tare muke susa. Lokacin sanyi na ƙazwa ne. Idan ta kama ɗaya sai ta zagaye gidan, ka ga yara a jere a gindin bango kowa yana aikin tsakanin yatsunsa, har sai an shafe mu da wani farin ruwan magani mai zafi, an tafasa tufafinmu, an shanya tabarmi a rana. Bazara ta ƙurajen zafi ce, a bi mu da hoda mu yi furu-furu. Maruru ba shi da lokaci, kuma ya fi son wurin zama. Kyasbi kuwa ko magani ba a nema masa sai ya hau fuska. Duk waɗannan ba mu ɗauke su ciwo ba, abin tsokana ne kawai. Ƙora ma ta samari ce a tunaninmu, su da wanzami ke bi da aska ɗaya. Ba mu taɓa jin ta kama kan yarinya ba, balle yarinyar ɗakin Dada.

Dada ita ce mahaifiyar babana. Bafulatana ce, a ruga aka haife ta can gaba da Zungur, ba ta shigo gari ba sai da kakana ya rasu, shanun suka koma hannun ƙannen babana. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa ke ce mini Ummi, ita kuma ta ce "takwara". Ita ce makitsiyar unguwa. Alhamis da Juma'a 'yan mata kan yi layi a gindin dogon yaro, ita tana kan kujerarta 'yar tsugune da kibiyarta ta ƙarfe, da matsefin katako, da 'yar ƙwaryar man shanu da ake aiko mata daga ruga. Kaina kuwa shi ne tallarta. Idan wata ta yi mata gardamar kitso sai ta ce, "Je ki kalli kan takwara ki dawo." A lokacin da abin nan ya faru mahaifiyata ba ta nan, ta tafi wankan jego gidan iyayenta da jaririn ƙanena. Babana tela ne a kasuwa, da sassafe yake fita sai bayan la'asar sakaliya. Don haka ni da kaina duka muna hannun Dada.

Da na shigo na faɗa mata, ba ta yarda ba sai da ta kai ni tsakar rana ta tsefe kitson da hannunta. Ta daɗe tana kallon wurin. Washegari ta aika aka kira wanzami. Har yau ina iya jin sanyin askar nan a ƙeyata, da yadda gashina ke zubowa a kan cinyata dam-dam. Na yi kuka har muryata ta dishe. Dada ba ta rarrashe ni ba, ta durƙusa tana tsince gashin ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a tsumma ta binne a gindin bishiya, kuma na ga tana share ido da bakin zanenta. Da kan ya fito fili sai ga wasu tabo huɗu da gashi ya ɓoye. Daga nan aka shiga magani, kowa a gidan ya zama likita. Aka fara da nonon tumfafiya, aka koma toka da lemun tsami, sannan wani makaniken maƙwabcinmu ya rantse da man birki, ya kawo a murfin kwalba. Wannan ya fi duka azaba. Kaina ya kumbura, ya riƙa ruwa, ƙorar kuwa ko a jikinta. A cikin kwanakin nan aka aike ni sayen daddawa, wani yaro ya fizge kallabina a gaban jama'a, ya ƙwalla ihu yana nuna kaina: "Taswira! Ga Nijeriya, ga Kamaru, ga tafkin Chadi!" Sunan ya bi ni. Ban ƙara leƙa ƙofar gida ba, kuma na tsani yaron nan tsana ta gaske, har yau in na tuna shi sai na ɗan ji ta.

Wadda ta tsayar da wannan ta'asa ita ce Maman Rifkatu, nas ce a wani asibiti, ɗakinta yana kallon namu. Kirista ce daga wajen Bogoro, gajeriya mai ƙiba, mai saurin tafiya da saurin magana, kuma 'yarta Rifkatu ita ce ƙawata ta kusa. Ta yi hutu ne ta tafi garinsu, shi ya sa aka samu sarari aka yi ta gwaji a kaina. Ranar da ta dawo, ko jakarta ba ta ajiye ba ta tsaya a tsakar gida tana shaƙar iska. Ta matso ta ɗaga kallabina. "Dada," in ji ta, "wannan kai ne ko mota?" Dada ta ɗaure fuska ta ce ai magani ake yi. Maman Rifkatu ba ta ja da ita ba, ta dai jira babana ya dawo ta yi masa magana, da safe ta riƙe hannuna muka shiga tasi. Likita ya duba, ya wanke mini wuraren da suka yi ruwa, ya ce a daina sa komai, a daina aski. Ta wata 'yar taga aka miƙo mana ƙwayoyi farare a cikin ambulan, mai ba da maganin ya ce, "Ta riƙa shan ɗaya kullum." Na ji shi da kunnena, kuma ina so a riƙe wannan, domin zan dawo kansa.

Da muka koma gida Maman Rifkatu tana sauri za ta koma aiki. Ta miƙa wa Dada ambulan ɗin daga bakin ƙofa, tana gyara hularta ta nas, ta ce, "Ga magani ma Ummi. Kullum ɗaya, da mai. Kar ki ba shi haka kawai fa, Dada, sai da mai." Ta juya ta fita. Abin da take nufi, kamar yadda na gane daga baya, shi ne irin wannan ƙwayar ta fi shiga jiki idan an haɗiye ta da abinci mai maiƙo. Amma ku dubi wadda aka faɗa wa. Mace ce da ta yi shekara sittin tana ganin duk maganin da aka haɗa da mai shafa shi ake yi, na nonon saniya, na kaushin ƙafa, na cibiyar jariri. Ga ciwo a ka, ga magani, ga mai. Me ya rage? Har wani daɗi ta ji, ta ce ashe likitocin nan sun fara hankali, sun san darajar man shanu.

Saboda haka kowace safiya, bayan na share ɗaki na wanke kwanuka, Dada takan ɗauko ɗan dutsen da take niƙa kwalli, ta ɗora ƙwaya ɗaya ta murƙushe ta ta zama gari, ta kwashe a tafin hannunta, ta lakato man shanu ta cuɗa. Sai in kwantar da kaina a cinyarta, ta yi bisimilla ta bi tabon nan ɗaya-ɗaya, tana wani ɗan waƙe-waƙe na Fillanci a maƙogwaro wanda ban taɓa sanin ma'anarsa ba. Ni kuwa na san ba haka aka ce ba. Na sani sarai. Amma tun wata ƙwayar zazzaɓi mai ɗaci da ta taɓa maƙale mini a wuya nake gudun ƙwaya, sai an danne ni an toshe mini hanci. Da na ga Dada ta ɗauko dutse ranar farko, sai na ja bakina na yi shiru, na ce a raina ai magani magani ne, ta ko'ina ya shiga ya shiga. Kwana goma sha shida muka yi a haka. Ƙudaje suka san ni, kyanwar gidan ta riƙa bina tana lasar baki, tabon kuwa sai faɗi suke, har Nijeriya ta haɗe da Kamaru. Idan babana ya dawo ya tambaya, "Ana ba ta maganin kuwa?" sai Dada ta ce, "Kullum, ko fashi babu." Kuma gaskiyarta ta faɗa.

Wata Asabar ce asirin ya tonu. Maman Rifkatu ba ta da aiki ranar, tana shanya wanki a igiya, sai ta ji ƙwas-ƙwas daga ƙofarmu. Ta leƙo ta tsakanin zannuwa, ta ga ƙwaya a kan dutse. Ta saki rigar da ke hannunta a ƙasa.

"Dada! Me kina yi?"

"Abin da kika ce. Kullum ɗaya, da mai."

"Wayyo Allahna! Sha ne, Dada! Zai haɗiye ne, da abinci mai mai!"

Dada ta ajiye dutsen a hankali ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar nan, ciwo yana ka, ki ce in aika magani ciki? Wa zai nuna masa hanya?"

Matan gidan sun fara taruwa, wasu suna danne dariya. Na zaci Maman Rifkatu za ta kawo bayanin asibiti, Dada ta yi watsi da shi. Sai ta goge hannu a zanenta, ta tsuguna a gaban tsohuwar, ta sassauta murya. "Dada, ke ne kin san shanu. In saniya ya rame, gashinshi ya lalace, kina shafa ciyawa ma bayanshi ne?"

Dada ta ce, "A'a. Ci take yi."

"To, haka ne. Ciwon yana cikin saiwan gashi, a ƙasan fata. Mai ba ya kai wurin. Jini ne zai kai magani."

Daga nan Maman Rifkatu ta juyo kaina ta ce ba a gabana aka ce sha ba? Na sunkuyar da kai, na ce a gabana ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Dada ba ta doke ni ba, ba ta ma zage ni ba, kallona kawai ta yi ta ce, "Takwara, kin bar ni ina wahalar banza, kina kallo." Da ta zabga mini mari da ya fi mini sauƙi. Kuma ba a nan ɗacin ya tsaya mata ba, domin Maman Rifkatu ta ɗauki kibiyar kitson da matsefin ta ce waɗannan ma sai an tafasa su, mai yiwuwa su suka ɗauko ciwon daga wani kai suka kawo nawa. Kibiyar nan tun ta mahaifiyar Dada ce. Dada ta karɓe ta, ta hura wuta da kanta ta jefa ta a tukunya.

Da muka ƙirga, sati takwas suka rage kafin ranar da Malam Bulus ya yanka. Aka koma asibiti aka karɓo wasu ƙwayoyin, Dada kuwa ta ɗauki abin kamar yaƙi. Ita fa ba a kayar da ita sau biyu a wuri ɗaya. Kowace safiya sai ta dama fura da kindirmo mai kauri, ta jefa curin man shanu a ciki, ta ɗora ƙwaya a harshena da hannunta, ta kafa mini ludayi a baki. In na haɗiye sai ta kama haɓata ta ce in ɗaga harshe, ta leƙa ko'ina kamar mai duba bakin maraƙi. Sannan ta ƙulla ƙulli ɗaya a wata igiya da ta rataye a ƙusa. Ta ware mini matashi da kallabi da soso, kullum suna rana. Ta dakatar da kitson unguwa na sati biyu, da ta dawo kuma ba ta taɓa kan kowa sai ta bincike shi, kibiya kuma sai ta sha ruwan zafi tsakanin kai da kai. A haka ta kama wasu 'yan mata biyu da tabo, ta tasa su gaba har ƙofar Maman Rifkatu, tana yi wa iyayensu bayani da isa, kamar ita ta gano abin: "Sha ake yi. Ba a shafawa. Jini ke kai shi."

Ni kuma na ce ko kai ya warke, in hannu ya manta sanda aikin banza ne. Na koma wa muciya. Da Dada ta gan ni sai ta shiga ɗaki ta jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, nannaɗe da tsohon zane. Sandar kiwon kakana ce, ta yi santsi saboda riƙo. Ta fi ta makaranta tsawo da nauyi, ranar farko sau uku tana sauka a kafaɗata. Kullum da la'asar Rifkatu takan kifa bokiti tana kiɗa, ƙananan yaran gidan su jeru a bayana, mu zagaya rijiya, Dada tana kan kujerarta tana ba da umarni da iyakar abin da kunnenta ya kama: "Lafi, rayi! Lafi, rayi!" A cikin haka mahaifiyata ta dawo daga wanka, ta ga kaina ta fashe da kuka, Dada ta ce ta yi mana shiru muna aiki. A sati na huɗu, wata safiya tana duba ni a hasken rana, sai na ji yatsanta yana kai da komowa a wuri ɗaya. Ta ƙwala kira da muryar da ban san tana da ita ba: "Maman Rifkatu! Fito ki gani, ya tsiro!" Wani baƙin gashi ne laushi-laushi, kamar ciyawar ruwan farko. Maman Rifkatu ta fito da kumfar sabulu a hannu ta rungume tsohuwar, ranar har da rawa.

Da aka dawo daga hutu na koma makaranta da takardar asibiti. Malam Bulus ya karanta ya ce in shiga layin baya da kallabina, wata yarinya 'yar aji shida tana riƙe da sanda a gaba kafin ranar duba. Ina kallon ƙeyarta ina haɗiye takaici, don ko juyi ba ta iya ba. Ƙorar dai ta mutu, wannan kowa ya gani. Sauran gashi. Ana gobe duba, da la'asar, Dada ta zaunar da ni ta ɗauko kibiya. Inda ciwo bai taɓa ba gashin ya kai gaɓa biyu na yatsa, inda tabon yake kuwa da ƙyar ya kai ɗaya. Ta tsaga ta kama, ya zame. Ta sa mai ta sake kamawa, ya sake zamewa. Sau uku makitsiyar Gwallaga tana gwadawa, gashin jikarta yana kufce mata. Na ji hannunta ya tsaya cak a kaina, na ce shi ke nan, sanda ta tafi.

Akwai wani kitso da su Rifkatu ke yi, na baƙin zare, a kama ɗan gashi a naɗe shi tam har ya miƙe. Dada ta raina shi ƙwarai, takan ce kitson waɗanda Allah bai ba gashi ba ne. To ran nan sai ta miƙe, ta shiga ɗaki ta yafa mayafinta na unguwa, alhali taku goma za ta yi, ta tsallaka tsakar gida ta yi sallama a ƙofar Maman Rifkatu. Ina jin ta daga inda nake zaune. "'Yar nan," ta ce, "na zo koyo." Su biyu suka zauna a kaina har rana ta yi ja, Dada tana tsaga, Maman Rifkatu tana naɗi, daga baya suka yi musaya. Zaren ya kama abin da yatsa ya kasa. Suka fitar da 'yan ƙahoni goma sha biyu, suka lanƙwaso su suka haɗe a tsakiya, suka ɗaura farin ribon a kai. Fatar kaina kamar za ta tsage don zafi, amma ko uhum ban ce ba.

Da safe Malam Bulus ya sa tabarau ya kira ni gaban kowa. Ya bi tsagar nan ɗaya bayan ɗaya da bayan biro, ya duba bayan kunne inda abin ya fara, ya daɗe a wurin. Sannan ya kama ribon ya ja, har kaina ya bi hannunsa. Ribon bai motsa ba. Ya cire tabarau, ya juya ga layi, ya ɗaga murya yadda ya saba: "Ba kora, ba kora!" Yara suka kwashe da sowa, har waɗanda ke ce mini Taswira. Ya miƙo mini sanda. Bayan ta kakana, sai na ji ta a hannuna kamar kara.

Ranar fareti an yi ruwa da asuba, filin yana ƙanshin ƙasa. Dada, wadda ba ta taɓa zuwa taron gwamnati ba, ta ci ado da zanenta na saƙi ta shiga tasi tare da Maman Rifkatu. Da muka iso daidai rumfar manyan baƙi na ba da murya, na juya sanda sau uku, na cilla ta sama fiye da yadda Malam ya koya mini, na cafe ta ba tare da na ɓata taku ba. A cikin ƙarar ganguna da hayaniyar dubban yara na ji wata guɗa siririya ta tsaga filin, kuma na san ta wace ce. Ban waiwaya ba, doka ta hana, amma na yi sauran macin ina murmushi hawaye yana zuba. Na biyu muka zo. Dada ba ta taɓa yarda da wannan ba, har ta bar duniya cewa take mu muka ci, alƙalan ne rana ta kashe musu ido.

Yanzu ina zaune a unguwar Ɗan Iya da nawa iyalin. Gidanmu na Gwallaga an rushe gabansa an yi shaguna, an sare dogon yaro, gashina na fari yana can ƙarƙashin siminti. Maman Rifkatu ta yi ritaya ta koma garinsu, mukan gaisa a waya da Sallah da Kirsimeti, kuma ita kaɗai ce a duniya ke ce mini Taswira in amsa. Bara na ga ɗan farin tabo a kan 'yata ƙarama. Ba wanda ya kawo man birki, ba wanda ya kira wanzami. Muka hau keke zuwa asibiti, cikin awa ɗaya mun dawo da magani. Da mai ba da shi ya ce a riƙa ba ta da abinci mai maiƙo, sai dariya ta ƙwace mini, ya tsaya yana kallona, bai san idona ya cika ba. Ta warke cikin sauƙi, ko fashin makaranta ba ta yi ba, na kuma gode wa Allah da yaran yanzu ba sa shan irin wuyar da muka sha. Kowace safiya nakan ba ta da kindirmo, in ce ta ɗaga harshe. Kibiyar Dada tana cikin akwatina, dutsen kwallin ne ban san inda ya shiga ba. Wani lokaci idan na ji ƙanshin man shanu a kasuwa sai in tsaya, in ji kamar kaina yana kan cinyar nan, ana waƙa a maƙogwaro, yatsa yana bin tabo a hankali.

Ƙwayar da na haɗiya ita ta warkar da ni, wannan babu musu. Amma wadda Dada ta niƙa nake kewa.